Yadda ake fassara kalmomin dangantaka zuwa Latin, mataki-mataki

Tambayar da aka fi yi mini game da harshen Latin ba ta wuce ta iyali ba. Ɗalibi ya kammala kundin digirinsa yana son ya sadaukar da shi ga mahaifansa da layi ɗaya na Latin, ko mai makaranta yana neman taken da za a ɗinka a bajon ɗalibai, ko 'ya'ya suna son a sassaƙa 'yan kalmomi a allon tunawa da mahaifiyarsu. Kusan dukansu hanya ɗaya suke bi: su juya maganar zuwa Turanci, su zuba ta a na'urar fassara, su kwafi abin da ya fito. A nan ake yin asarar farko, domin Turanci ya cusa baffa da kawu cikin kalma ɗaya, ya kuma cusa gwaggo da inna cikin wata, alhali Latin ya raba su huɗu daidai yadda Hausa ta raba su. Bahaushe ya fi Bature kusa da Latin a wannan fanni, don haka matakan da ke ƙasa daga Hausa suke tashi kai tsaye.

1. Tanadi kayan aiki

Abubuwa uku ake bukata, kuma babu wanda zai ci maka kuɗi in ban da na data. Na farko ƙamus ne. Ƙamusun Lewis da Short, wanda aka buga a 1879, yana nan kyauta a shafin Logeion na Jami'ar Chicago da kuma shafin Perseus na Jami'ar Tufts. Na biyu littafin nahawu ne mai jadawalin sauye-sauyen suna, kuma na Allen da Greenough, bugun 1903, ya wadatar, shi ma kyauta ne a intanet. Na uku wurin da za ka binciki ko Romawa sun taɓa faɗin magana yadda ka tsara ta, wato rumbun rubuce-rubucen Latin na PHI, da rumbun Clauss-Slaby wanda ya tattara rubutun da aka samu a kan duwatsu da kaburbura. Babban ƙamusun Oxford na Latin ya fi su zurfi, amma yana da tsada, kuma mai neman layi ɗaya ko biyu ba ya bukatarsa.

Gargaɗi: ƙamusun Latin yana ba da kowane suna da siga biyu da harafin jinsi, misali pater, patris, m. Kada ka kwafi ta farko kaɗai ka rufe shafin. Siga ta biyu ita ce ke nuna saiwar da za ka gina sauran a kanta, kuma harafin m. ko f. shi zai gaya maka namiji ne ko mace.

2. Rubuta maganar da Hausa, ka fayyace kowane mutum

Kafin ka taɓa ƙamus, rubuta jimlarka da Hausa, ka ja layi ƙarƙashin kowace kalmar dangantaka, ka tambayi kanka ainihin wanda kake nufi. Mu Hausawa muna kiran ƙanen mahaifi baba, muna kiran kishiyar uwa mama ko umma, muna kiran ɗan baffa wa ko ƙane ba tare da wani bayani ba. Wannan ladabi ne na gida, amma Latin zai tambaye ka jini: ta wajen uba ne ko ta wajen uwa, namiji ne ko mace, haihuwa ce ta haɗa ku ko aure. Idan ka rubuta "kakata", ka san mace ce. Idan ka rubuta "surukaina", sai ka tsaya ka lissafa su, domin Latin yana da kalma daban ga kowannensu.

3. Zaɓi kalmar Latin da ta dace

Na cikin ɗaki ba su da wuya. Uba pater, uwa mater, ɗa filius, 'ya filia, ɗan'uwa namiji frater, 'yar'uwa soror. Mahaifa biyu a haɗe parentes, 'ya'ya a haɗe liberi, kuma wannan ta ƙarshe jam'i ce kullum. Miji maritus ko vir, mata uxor, sannan akwai coniunx wadda ke ɗaukar miji ko mata, ita ce kuma aka fi gani a kan kaburburan Romawa.

Latin ba shi da kalma guda ta wa ko ƙane, ko ta ya da ƙanwa. Ana ƙara natu maior ga babba, natu minor ga ƙarami: frater natu maior shi ne wa, soror natu minor ita ce ƙanwa. Babban su duka natu maximus, auta kuma natu minimus, ko natu minima idan mace ce. Wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya frater germanus ne.

Inda Hausa da Latin suka yi daidai kamar an gwada shi ne 'yan'uwan mahaifa. Baffa, wato wa ko ƙanen uba, patruus. Gwaggo amita. Kawu avunculus. Inna, wato ya ko ƙanwar uwa, matertera. Na taɓa ganin wata sadaukarwa da wani ya yi wa ƙanen mahaifinsa, mutumin da ya biya masa kuɗin makaranta tun daga firamare har jami'a, an rubuta avunculo da manyan baƙaƙe a shafi na uku na kundin da aka riga aka ɗinke. Na'ura ce ta ba shi, domin kalmar Turancin da ya shigar daga avunculus ta samo asali. Ya mayar da baffansa kawu bai sani ba, kuma da ya tashi daga Hausa da bai faɗa wannan rami ba. A wurin Romawa bambancin yana da nauyi, domin dangin uba, agnati, su ne ke da haƙƙin gado da walicci a tsohuwar dokarsu, har ma an san patruus da tsanani da faɗa wa yaro gaskiya, abin da duk wanda ya tashi a gidan gandu zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

A kakanni kuwa Latin ya fi mu rarrabewa. Kaka namiji avus, kaka mace avia, mahaifin kaka proavus, na sama da shi abavus. Jika namiji nepos, jika mace neptis, tattaɓa-kunne pronepos ko proneptis.

Gargaɗi: nepos jika yake nufi a Latin na zamanin Cicero, shahararren marubucin tsohuwar Roma, sai daga baya ya ɗauki ma'anar ɗan ɗan'uwa, kuma a wasu wurare ana kiran almubazzari da shi. Idan ɗan wanka ko ɗan ƙanwarka kake nufi, ka faɗe shi a fili: fratris filius, ɗan ɗan'uwa, ko sororis filius, ɗan 'yar'uwa.

Haka shawarar take ga 'ya'yan baffanni da kawunnai. Ɗan baffa frater patruelis ne, 'yar baffa soror patruelis. Consobrinus asalinsa ɗan inna ne, amma Romawa da kansu sun faɗaɗa shi ya game sauran. In kana son kada a yi ruɗu, ka ce avunculi filius ga ɗan kawu, amitae filia ga 'yar gwaggo. Wasan taubasantaka da ke tsakaninka da su ba zai shiga fassarar ba, sai dai ka haƙura da shi.

Surukai huɗu ne. Uban miji ko uban mata socer, uwar miji ko uwar mata socrus, mijin 'ya gener, matar ɗa nurus. Masana dokar Roma sun adana wasu kalmomi da ba a cika gani ba, waɗanda suka shiga babban kundin shari'a na Sarki Justinian a shekarar 533: wa ko ƙanen miji levir, 'yar'uwar miji glos, matan 'yan'uwa biyu kuma ianitrices, wato facaloli ke nan. Abin sha'awa ne a ce Latin yana da facala, amma kalmar baƙuwa ce ko ga waɗanda suka karanci harshen, don haka a rubutun da jama'a za su karanta gara ka ce fratris uxor, matar ɗan'uwa.

Agola privignus ne ko privigna, mijin uwa vitricus, ɗan riƙo alumnus. Matar uba noverca ce, amma ka yi hattara da ita. A adabin Romawa kalmar tana tafe da warin mugunta, kuma tana nuna cewa mahaifiyar ta rasu ko ta fita, domin Romawa mace ɗaya suke aure a lokaci guda. Idan kishiyar mahaifiyarka ce ta rene ka kana son ka girmama ta, ka kira ta uxor patris, matar uba, ko mater altera, uwa ta biyu. Kishiya ita kanta ba ta da kalmar da ta zauna daidai. Paelex farka ce ta mai aure, kuma zagi ne a kira matar sunna da ita. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Latin ta yi amfani da aemula, abokiyar hamayya, a labarin Hannatu da kishiyarta, amma a sadaukarwa altera uxor, ɗaya matar, ta fi mutunci.

Saura kalmar iyali. Familia a bakin Romawa na da ta ƙunshi duk wanda ke ƙarƙashin ikon maigida, har da bayi, kuma maigidan shi ne pater familias. Daga baya Latin ya karɓe ta da ma'anar da muka sani, don haka taken makaranta ko na gidauniya zai iya ɗaukarta. Zuri'a mai suna ɗaya gens ce, dangi na jini cognati, dangin aure affines.

4. Gano aikin da kalmar ke yi a cikin jimla

Wannan ne matakin da ya fi kayar da mutane, kuma wanda ya yi nahawun Larabci a zaure zai riga kowa gane shi. Yadda ake cewa abuka, abaka, abika gwargwadon matsayin kalmar, haka Latin yake sauya ƙarshen suna, sai dai shi sigoginsa shida ne. Littattafan nahawu suna kiran su nominativus ga aikau, accusativus ga karɓau, genetivus ga mallaka, dativus ga wanda aka yi abu dominsa ko aka ba shi, ablativus ga abin da ke bin kalmomi irin su "tare da" da "daga", vocativus kuma ga kira.

Ɗauki pater. In shi ya yi aikin, pater. In shi aka gani ko aka so, patrem. Abin uba, patris. Ga uba, patri. Tare da uba, cum patre. Mater da frater haka suke tafiya ba bambanci: matrem, matris, matri, matre. Soror tana ba da sororem, sororis, sorori, sorore, uxor ma haka. Nepos yana komawa nepotem, nepotis, nepoti, coniunx kuma coniugem, coniugis, coniugi.

Masu ƙarewa da -us irin su filius, avus, patruus da avunculus suna ba da -um ga karɓau, -i ga mallaka, -o ga "ga" da kuma bayan cum: filium, filii, filio. Socer da gener suna cikin wannan rukuni, sai a ce socero, genero. Masu ƙarewa da -a irin su filia, avia, amita da matertera suna ba da -am ga karɓau, -ae ga mallaka da "ga": filiam, filiae.

Yawancin abin da ake nema sadaukarwa ce, wato dativus. "Ga mahaifina" patri, "ga mahaifiyata" matri, "ga mahaifana" parentibus, "ga 'yan'uwana maza" fratribus, "ga 'ya'yana" liberis. "Don tunawa da" kuwa in memoriam ce, kuma mallaka ke bin ta: in memoriam matris, in memoriam avi.

Gargaɗi na farko: socrus da nurus sun ƙare da -us amma mata ne, kuma rukuninsu daban. "Ga surukata" socrui ne ko nurui, ba socro ba.

Gargaɗi na biyu: filius da filia suna haɗuwa a jam'in dativus su zama filiis, saboda haka Romawa suka ware filiabus ga 'ya'ya mata. "Ga 'ya'yana maza da mata" filiis et filiabus.

Gargaɗi na uku: harafi ɗaya yana rushe magana. Liberis meis "ga 'ya'yana" ne, libris meis kuwa "ga littattafaina". Pro patre "domin uba" ne, pro patria "domin ƙasar haihuwa". Ka duba waɗannan sau biyu a takardar gwaji da mai buga littafi ko mai sassaƙa zai kawo maka.

A wajen kira, pater, mater, frater da soror ba sa sauyawa, amma filius yana zama fili, patruus ya zama patrue. "Ya ɗana" fili mi ne, ba filius meus ba.

5. Sanya "nawa" da "nasa"

Yadda muke cewa ubana amma uwata, haka Latin ke cewa pater meus amma mater mea. Jinsin wanda ake magana a kansa ake bi, ba na mai magana ba, don haka mace ma pater meus za ta ce. Kalmar tana kuma bin sigar sunan: patri meo, matri meae, in memoriam patris mei, in memoriam matris meae, parentibus meis. "Namu" noster ne da nostra, "naka" ko "naki" tuus da tua. Surukuwa, da yake mace ce, socrus mea za a ce.

Wahalar tana wajen "nasa" da "nata". A Hausa in aka ce "Markus yana son mahaifinsa", mai sauraro ne zai gane ko mahaifin Markus ɗin ake nufi ko na wani. Latin ba ya barin wannan ƙofa a buɗe. Marcus patrem suum amat, mahaifin kansa yake so. Marcus patrem eius amat, mahaifin wani mutum da aka ambata a baya yake so. Eius ba ya sauyawa kuma ba ya bambanta namiji da mace, don haka mahaifinsa da mahaifinta duk pater eius ne. Na jam'i eorum ne, ko earum in duka mata ne.

A ganina, mafi yawan sadaukarwa sun fi kyau in an bar wannan kalma gaba ɗaya. Romawa ba sa cewa "nawa" a kan uba ko uwa sai in akwai ruɗu ko ana son nanatawa, domin duk wanda ya ga patri a farkon littafinka ya san ba mahaifin maƙwabci kake nufi ba.

6. Ƙara siffa, ka haɗa jimlar

Siffofin da Romawa suka saba yi wa dangi kaɗan ne: carissimus, mafi soyuwa, optimus, mafi nagarta, dulcissimus, mafi daɗin zama, wanda aka fi yi wa yara da mata. Siffa tana bin sunan a jinsi da adadi da siga. Patri carissimo, matri optimae, filiae dulcissimae, coniugi carissimae in mata ce, coniugi carissimo in miji ne. In an haɗa namiji da mace, siffar ta zama jam'i: patri matrique carissimis. Wannan -que da aka liƙa a bayan kalma ta biyu daidai yake da et, wato "da".

Mai bayarwa yana zuwa a sigar aikau. Matri carissimae filii posuerunt na nufin 'ya'ya ne suka kafa wannan domin mahaifiyarsu abar ƙauna. In mutum ɗaya ne, filius posuit ko filia posuit. Aikatau yakan zo a ƙarshe.

Ga cikakken misali. Jimlar ita ce: "Na sadaukar da wannan littafi ga mahaifina da mahaifiyata da kawuna wanda ya rene ni." Mutane uku ne, duka a dativus: patri, matri, avunculo. Littafin karɓau ne, hunc librum. "Wanda ya rene ni" qui me educavit. Aikatau dedico. A haɗe: Hunc librum patri et matri et avunculo, qui me educavit, dedico. Lura da cewa in ana jera abu uku, Latin yakan sa et tsakanin kowanne ko ya bar shi duka. Da gwaggo ce ta yi renon, sai a ce amitae, quae me educavit. Da su ukun ake nufi, qui me educaverunt.

Sunayenmu suna bukatar lura. Na mata masu ƙarewa da -a suna shiga rukunin filia ba gardama: Aminae matri carissimae. Waɗanda suka ƙare da baƙi, irin su Ibrahim ko Zainab, a bar su yadda suke, kalmar dangantakar da ke gefensu ita za ta nuna sigar: Ibrahim patri optimo. "Wane ɗan wane" kuwa sunan uban ne ke shiga mallaka kafin filius. A goshin ginin Pantheon da ke birnin Roma an rubuta M AGRIPPA L F, wato Marcus Agrippa Luci filius, Markus Agrippa ɗan Lucius, kuma har yau ana karanta shi daga bakin titi.

Gargaɗi: wasu sunayenmu kalmomi ne a Latin. Bello na nufin "a yaƙi" ko "ga yaƙi", Musa kuma sunan allahiyar waƙa ne a wurin Romawa. In irin wannan suna zai shiga, ka rubuta shi cikakke da sunan mahaifi a layinsa daban, Latin ɗin ya biyo a ƙasa.

Gargaɗi ga masu rubutun tunawa da mamaci: kada ka kwafi D M da za ka gani a saman kaburburan Romawa. Dis Manibus ke nan, sadaukarwa ga ruhohin matattu da suke bauta wa, kuma ba ta dace da Musulmi ko Kirista ba. Requiescat in pace addu'ar coci ce, jam'inta requiescant. Wanda ke son ma'anar "Allah ya ji ƙansa" zai iya rubuta Deus eius misereatur, kuma haka take ko mace ce ta rasu.

7. Tantance kafin a buga ko a sassaƙa

Ɗauki kowace kalma ka shigar da ita a Logeion yadda ka rubuta ta, ka ga ko sigar da ya nuna ita ce ka nufa. Sannan ka nemi kalmomi biyu a jere, misali matri optimae, a rumbun Clauss-Slaby ko na PHI. In ka same su a rubutun Romawa, hankalinka ya kwanta. In ba ka same su ba, ba lalle kuskure ne ba, amma dalili ne na neman ido na biyu. Jami'ar Ibadan tana da sashen da ake koyar da Latin da Girkanci, haka Jami'ar Ghana da ke Legon da ta Cape Coast, kuma limaman Katolika da yawa sun yi Latin a makarantar horar da su. Ka kai musu jimlar Hausa da bayanin ko wane ne wane tare da fassararka, kada ka kai Latin ɗin shi kaɗai, domin avunculo daidai yake a nahawu ko da baffa kake nufi.

Ka yanke shawara ɗaya kan rubutu ka tsaya a kanta. In da manyan baƙaƙe za a sassaƙa irin na da, V ce ke tsayawa a madadin U, sai a sami AVVNCVLO da PATRVO. In da ƙananan baƙaƙe ne, a bar u yadda take. 'Yan layukan da littattafan koyo ke ɗorawa a kan wasula don nuna tsawo ba a sa su a allo ko a bajo. In kuma za a karanta rubutun a taro, akwai lafazi biyu: na da, inda c take k kullum, v kuma take w, sai a ce "soker" da "awus", da na coci, inda c kafin e ko i take fita kamar c ta Hausa, v kuma ta zama irin ta Turawa.

Kuɗin aikin duka yana wajen mai bugawa da mai sassaƙa, kuma gyara bayan an gama yana nufin sabon dutse ko sake ɗinka kundi. Ka ba su rubutun a buge, kada ka karanta musu ta waya, ka kuma nemi su nuna maka gwaji a takarda, ka bi shi harafi-harafi da yatsa kafin ka ce su ci gaba.